Minack: Tambayoyi da Amsoshi Kan Dandalin Wasan da Rowena Cade Ta Gina a Bakin Teku

Wanda ya ga hoton wurin nan karon farko yakan ɗauka kufai ne na Girkawa ko Rumawan da. Kujeru ne hawa-hawa suka gangaro daga kan tsauni, a ƙasa ga dandamali, bayan dandamalin kuma babu bango, babu labule, sai teku iya ganinka. Alhali a 1932 aka fara wasa a wurin, kuma ba sarki ko gwamnati ba ne suka sa aka gina shi. Wata mata ce mai suna Rowena Cade ta fara shi a ƙarshen lambun gidanta, ta yi shekara 50 tana fama da shi. Ga amsoshin tambayoyin da aka fi yi game da wurin da kuma matar.

Mene ne Minack, kuma a ina yake?

Gidan wasan kwaikwayo ne na daɓe, marar rufi, a kan wani tsaunin dutse da ya leƙa Tekun Atilantika. Yana kusa da ƙauyen Porthcurno a yankin Cornwall, can ƙuryar kudu maso yammacin Ingila. Tsakaninsa da Land's End, inda ƙasar Ingila ta ƙare ta yamma, kimanin kilomita 6 ne. Gari mafi girma a kusa shi ne Penzance, inda layin dogon da ya taso daga Landan ya tuƙe, bayan tafiyar awa 5 ko fiye.

Sunan ba Ingilishi ba ne. Daga harshen mutanen Cornwall na asali ya fito, daga kalmar "meynek", wato wuri mai duwatsu. Wanda ya raɗa sunan bai yi ƙarya ba.

Akan ce Minack gidan wasan al'umma ne, me ake nufi?

A Birtaniya akwai manyan gidajen wasa na kasuwanci, irin na tsakiyar Landan, inda 'yan wasa ke karɓar albashi, masu zuba jari kuma ke jiran riba. Akwai kuma wata al'ada daban da ta bazu a ƙauyuka da ƙananan garuruwa: malamin makaranta da mai shago da matar likita da ɗan manomi su haɗu da yamma bayan an tashi daga aiki, su haddace wasa, su ɗinka kayansu da kansu, su nuna wa maƙwabtansu a ɗakin taron ƙauye ko a wani fili. Ba wanda ake biya. Kuɗin ƙofa, in an samu, a kan yadi da fenti da fitila yake ƙarewa.

Daga wannan al'ada ta biyu Minack ya fito. Yau sunansa ya kai ko'ina, har ƙwararru na zuwa su yi wasa a cikinsa, amma asalinsa 'yan ƙauye ne suka rasa inda za su yi wasansu.

Wace ce Rowena Cade?

An haife ta ran 2 ga Agusta, 1893, a Spondon kusa da birnin Derby, a tsakiyar Ingila, nesa ƙwarai da teku. Gidansu gidan masu hali ne, mahaifinta yana da masaƙar auduga. Tana da shekara 8 ta fara fitowa a wasa, a wani ɗan wasan yara da mahaifiyarta ta shirya a gida. Da mahaifin ya ajiye aiki a 1906 sai iyalin suka koma Cheltenham, garin da masu kuɗi da tsofaffin hafsoshi ke zuwa su huta.

Yarinya irinta a wancan zamani, abin da ake jira daga gare ta sananne ne: ta iya kiɗa kaɗan, ta iya karɓar baƙi, ta auri ɗan gidan da ya dace. Yaƙin Duniya na Ɗaya ne ya karkatar da hanyar. Ta tafi Elsenham a yankin Essex, ta yi aiki a bargar da ake horar da dawakan da za a aika fagen fama, tana kwana a wani tsohon keken makiyaya da aka mayar ɗaki. A ganina, wanda yake son ya fahimci abin da ta yi daga baya, nan ya kamata ya duba. Macen da ta saba tashi da asuba cikin sanyi ta kama linzamin doki marar horo, ɗaukar buhun yashi ba zai zame mata abin kunya ba.

Me ya kai ta Cornwall?

Mahaifinta ya rasu lokacin yaƙin. Bayan an gama, mahaifiyar ta sayar da gidan Cheltenham, su biyun suka yi ta yawo har suka kama hayar gida a Lamorna, wani ƙauyen bakin teku a Cornwall. A nan Rowena ta ga tsaunin Minack, ta saye shi a kan fam 100 a farkon shekarun 1920. Ta gina gida a kansa da dutsen yankin, gidan da har yanzu yana nan a saman dandalin.

To yaya aka yi lambun gida ya koma dandalin wasa?

A 1929 'yan wasan ƙauyen suka shirya wasan Shakespeare mai suna A Midsummer Night's Dream, a wata makiyaya mai itatuwa da ke ɗan nesa da teku. Wasan labarin aljanu ne da masoya a cikin daji, don haka wurin ya dace da shi. Rowena ba ta hau dandamali ba. Ita ce mai zana kayan 'yan wasa da ɗinka su, da haɗa ƙananan tarkacen da ake buƙata. Wasan ya karɓu har aka maimaita shi a 1930.

Da suka zo zaɓen wasa na gaba sai suka tsaya a kan The Tempest, wato Guguwa. Nan matsala ta taso, domin wannan ba labarin daji ba ne. Wani basarake ne mai suna Prospero, ɗan'uwansa ya ƙwace masa mulkin Milan, aka jefa shi teku da 'yarsa Miranda, suka faɗa wani tsibiri. Bayan shekara 12 ya tayar da guguwa da sihirinsa ya kifar da jirgin maƙiyansa a gaɓar tsibirin. Wasan da jirgi mai nutsewa yake buɗewa. Ina za a kai shi a cikin makiyayar shanu?

Rowena ta ce ga lambunta. Da aka duba kuma sai aka ga lambun ba shi da inda 'yan kallo za su zauna yadda ya kamata. Amma a ƙasansa akwai wani gangare mai kwazazzabo, cike da ƙaya da manyan duwatsu, yana fuskantar teku. In aka iya daidaita wani yanki nasa, tekun da wasan ke buƙata yana nan kyauta, da raƙuman ruwansa da rurinsa. Ta ce za ta daidaita shi.

Yaya aka yi aikin farko?

A cikin hunturun 1931 zuwa 1932 aka yi shi, wata 6 ana aiki. Hunturun Cornwall ba ya yawan zuwa da ƙanƙara, amma yana zuwa da ruwa da iska mai ƙarfi daga teku, ga rana gajera, kafin ƙarfe 5 duhu ya shiga. Rowena na da shekara 38 a lokacin, ba ta taɓa koyon gini ba. Mai kula da lambunta, Billy Rawlings, shi ne ya san dutse, sai ta zama 'yar aikensa a wurin aiki, ko da yake ita ke biyansa albashi.

Babu mota mai haƙa, babu injin ɗaga kaya, kuma ko da akwai, ba hanyar da za ta kai su wurin. Da guduma da diga da ƙarfen banƙara aka fasa duwatsun, wani lokaci a sa 'yar nakiya ga wanda ya gagara. In an fasa dutse sai a tura shi taku-taku har inda ake so, a jera shi ya zama katangar da za ta riƙe hawa ɗaya. Bayan katangar a cika da ƙasa da tsakuwa da ake shebura daga hawan sama, a daddaɓe, a shimfiɗa ciyawa. Sai a koma hawa na gaba. Duk wannan a kan gangaren da in dutse ya suɓuce, ko ƙafar mutum ta zame, sai teku.

Abin da suka samu a ƙarshe ba shi ne Minack ɗin da ake gani a hotunan yau ba. Dandamalin ciyawa ne ɗan madaidaici, da wasu hawa-hawa na zama marasa kyan gani. Amma ya isa a yi wasa.

Yaya daren farko ya kasance?

Ran 16 ga Agusta, 1932, aka fara. Haske daga fitilun motoci da batura aka samo shi, da 'yar wutar da aka jawo daga gidan Rowena. 'Yan kallo suka karɓi tikiti a kan wani tebur, suka gangara ta 'yar siririyar hanya cikin ƙaya. Wasan ya yi armashi har jaridar The Times ta Landan ta ba da labarinsa, abin da ba kasafai wasan ƙauye ke samu ba.

A nan ne labarin ya kamata ya ƙare, domin don wasa ɗaya aka yi aikin. An yi wasan, an tafa, kowa ya koma gida. Rowena ce ba ta koma ba. Da hunturu ya dawo sai ta sake ɗaukar shebur.

Da gaske ne ita kaɗai ta gina shi da hannunta?

Haka ake yawan faɗa, kuma ya fi daɗin ji: tsohuwa ɗaya, tsauni ɗaya, buhun yashi a baya. Amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Billy Rawlings ya yi shekara fiye da 30 yana wannan aiki tare da ita, har rasuwarsa a 1966. Shi ya yanka dutse, shi ya san yadda ake kafa katangar da ba za ta zame ba bayan ruwan hunturu. Tom Angove ma ya daɗe yana aiki a wurin, shi ya zama na hannun damanta bayan Billy. Akwai kuma 'yan sa-kai da suka riƙa zuwa suna tafiya.

Ita kanta ba ta ɓoye wannan ba. Kusan duk kujerun dandalin na kankare ne, amma da Billy ya rasu sai ta keɓe masa kujerar dutse, ta sa sunansa a jiki. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana fasa dutse, da dutse aka tuna da shi.

Akwai wani abu kuma da masu ba da labarin ke tsallakewa. Rowena ba talaka ba ce. Filin nata ne, gidan nata ne, tana da abin da za ta biya ma'aikata, ba ta buƙatar fita neman abinci. 'Yar masuntan Porthcurno mai irin zuciyarta ba za ta iya abin da ta yi ba, ko da ta fi ta ƙarfi. Faɗin haka bai rage mata komai ba. Mata masu irin halinta a Ingilar wancan lokaci suna da yawa, akasarinsu da sun ba da kuɗi sun koma inuwa suna kallo. Ita kuwa ta ba da kuɗin, ta kuma shiga cikin kwaɓin siminti har tsufanta.

Me ya sami wurin a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu?

An rufe shi, kuma dalilin ya wuce tsoron yaƙi na gama-gari. Porthcurno ƙaramin ƙauye ne, amma tun 1870 a bakin ruwansa wayar tangarahu ta ƙarƙashin teku ta fito, wadda ta haɗa Birtaniya da Indiya. A hankali wayoyin suka ƙaru har suka kai 14, ƙauyen ya zama ɗaya daga cikin manyan tashoshin sadarwa na duniya. Saƙonnin daular Birtaniya ta nan suke bi. Da Faransa ta faɗa hannun Jamus a 1940, sai ya zamana maƙiyi na tsallaken ruwa kawai. Aka kawo masu haƙar ma'adinai suka fafe tsauni, aka mayar da tashar cikin rami, aka zuba soja a gaɓar.

Minack na kan tsaunin da ke kallon wannan gaɓa, don haka aka kewaye shi da waya mai ƙaya, aka gina ɗan ɗakin kankare na masu bindiga. Rowena ta koma wani aikin: ita ce jami'ar da ke nema wa yaran da aka kwaso daga biranen da ake jefa wa bam gidajen da za su zauna a yankin. A 1944 wani kamfanin fim ya zo ɗaukar wani sashe na fim ɗin Love Story a wurin, iska da ruwa suka kore su, suka koma suka ƙarasa a ɗakin ɗaukar fim.

Da aka gama yaƙi aka turo fursunonin yaƙi su kwashe shingayen. Kafin a gama kwasar, abin da ya rage na dandalin bai fi yadda yake a farkonsa ba. Tana da shekara 50 da 'yan kai ta sake farawa. Ɗakin masu bindigar nan kuwa ba ta rushe shi ba, ta mayar da shi wurin sayar da tikiti. A 1952 aka sake buɗewa da wani wasa a kan Tristan, jarumin tatsuniyoyin Cornwall.

Idan wurin duk dutse ne, me ya sa kujerun na kankare ne?

Kuɗi. Dutsen yankin mai tauri ne ƙwarai, sassaƙa shi ya zama kujera ko ginshiƙi aiki ne na ƙwararren masassaƙi, mai cin lokaci da tsada. Siminti kuwa yana da araha, kuma mutum ɗaya na iya sarrafa shi. Sai dai siminti na son yashi, yashin kuma yana can ƙasa a bakin ruwan Porthcurno. Ta riƙa cika buhu tana goyawa tana hawowa da shi ta kan tsauni. Matakalar da ta haɗa gaɓar da saman tsaunin ma ita ta gina ta.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ta mayar da rashin kuɗin ya zama ado. Kafin kankare ya bushe sai ta ɗauki tsohuwar sukudireba ta zana masa zane a jiki, irin sarƙaƙƙen zanen mutanen yankin na da, mai kama da igiyar da aka kitsa. Magina a birnin Zazzau ko Kano da ke yi wa bango ado tun yaɓen na ɗanye za su gane dabarar nan take: lokacinka ƙayyadadde ne, in ya bushe shi ke nan, kuskurenka ya zauna. A bayan kujeru kuma ta riƙa rubuta sunayen wasannin da aka yi da shekarunsu. Mai kallo yau yakan jingina bayansa da sunan wasan da aka yi kafin a haifi mahaifinsa. Littafin tarihin gidan ke nan, ba a cikin durowa yake ba, a jikin wurin zama yake.

Iskar teku da gishiri sun ci fuskar kankaren, ya yi kalar dutsen da ke kewaye da shi. Shi ya sa baƙo ke rantsewa wurin ya shekara dubu biyu.

Mene ne labarin jami'an kwastan da ake yawan bayarwa?

Yadda ake ba da shi a gidan shi ne: wani jirgin dakon kaya na Sifaniya ya yi haɗari, ruwa ya turo katakonsa bakin gaɓa. Rowena na neman katakon da za ta gina ɗakin canza kaya na 'yan wasa. Ta sauka ta kwaso manyan katakai 12, kowanne tsawon ƙafa 15, ta hau da su ɗaya bayan ɗaya. A dokar Birtaniya, kayan jirgin da ya nutse ba na wanda ya tsinta ba ne, sai an sanar da hukuma. Jami'an kwastan suka zo nema, suka gamu da ita a bakin ruwa, suka tambaye ta ko ta ga katako. Ta ce ta hau da wasu da safen nan, su zo su duba in suna so. Suka kalli siririyar dattijuwar, suka yanke cewa abin da suke nema ya fi ƙarfinta, suka wuce. Raina kama ka ga gayya.

Ban da gini, me ta riƙa yi a matsayin mai gudanar da gidan?

Wannan ɓangaren ne ba a cika ɗaukar hotonsa ba, kuma shi ne ya fi wahala. Gina dandamali abu ne da ake gani. Amma kowace shekara sai an sami ƙungiyoyin da za su zo su yi wasa, a tsara wa kowa makonsa, a san inda za su kwana a yankin da ba shi da manyan masaukai, a buga sanarwa, a sayar da tikiti, a gyara wayar fitilun da gishiri ya ci, a tanadi wurin ajiye motoci da makewayi. Shekararta kashi biyu ce: watannin ɗumi na wasa da baƙi, watannin sanyi na gyara abin da teku ya ɓata da ƙara sabon hawa.

Sannan ga lissafi, wanda ba ya taɓa daidaita. Gidan wasa marar rufi yana aiki ne 'yan watanni kawai a shekara, a cikin watannin ma dare ɗaya na ruwa ya isa ya cinye ribar mako. Shekaru da yawa kuɗin ƙofa bai biya abin da aka kashe ba, ita ke cike giɓin daga aljihunta. Ta san wannan ba tsari ba ne mai ɗorewa. A shekarun 1950 ta nemi wata babbar ƙungiya ko makarantar koyon wasa ta karɓi gidan, ba a dace ba. Wata ƙungiyar jin daɗin jama'a ta yankin ta gwada riƙe shi, ta yi 'yan shekaru tana faɗuwa, ta mayar mata da kayanta.

Ƙananan gidajen wasa da yawa a irin wannan gaɓar suke mutuwa. Ba rashin 'yan wasa ke kashe su ba, 'yan wasa kullum akwai su. Wanda zai zauna da littafin kuɗi a watan Janairu, lokacin da babu tafi babu baƙo, shi ne ke wuyar samu.

Ta yaya gidan ya rayu bayanta?

A 1976, tana da shekara 80 da 'yan kai, ta miƙa dandalin ga wata gidauniyar sadaka mai kwamitin amintattu. Kusan abin da muke kira waƙafi: ya fita daga dukiyarta, ba zai shiga rabon gado ba, ba wanda zai sayar da shi ya gina otal a wurin. In aka tambaye ni aikinta mafi muhimmanci bayan hunturun farko, wannan zan nuna. Mutanen da suka kafa abu da guminsu sukan kasa sakinsa, su riƙe makulli har ranar da za a ɗauke su, abin ya bi su kabari.

Amintattun suka yi abin da ita ba ta yi ba. Suka tsawaita lokacin wasanni, suka gina wurin baje tarihin gidan da wurin shan shayi, suka kuma gane cewa mutane za su biya don su ga wurin kawai da rana, ko ba a wasa. Wannan ne ya daidaita lissafin. Masu zuwa yawon kallo sun haura 100,000 a shekara, sun fi masu zuwa kallon wasa yawa, kuɗinsu ne ke taimakawa wajen riƙe dandamalin.

Ta yi aure? Tana da iyali?

Ba ta yi aure ba, ba ta haihu ba. Ta zauna da mahaifiyarta a gidan Minack. Ƙanwarta Katharine Burdekin, wadda ita ma ta zauna a can da 'ya'yanta mata bayan mutuwar aurenta, marubuciya ce. A 1937, shekara biyu kafin yaƙi ya ɓarke, ta fitar da wani ƙagaggen labari da ya hasko duniya bayan ɗaruruwan shekaru ƙarƙashin mulkin 'yan Nazi. Da sunan namiji ta buga shi, sai a shekarun 1980 aka tabbatar ita ce ta rubuta.

In ruwa ya sauko ana cikin wasa fa?

Ana ci gaba. Sai yanayi ya kai ga haɗari ake dakatarwa, wannan kuma ba kullum ba ne. 'Yan kallo na zuwa da rigar ruwa da bargo da matashin zama, domin kankare da ciyawa ba sa tausayin mai zama awa biyu, ko a watan Agusta kuma iskar teku na da sanyi bayan faɗuwar rana. Laima ba ta da farin jini a wurin, tana tare wa na baya.

'Yan wasa ma suna da nasu. Murya sai ta yi gasa da iska da rurin ruwa. Ga kuma abokan hamayyar da ba a gayyata ba: jirgin ruwa ya ratsa ta bayan dandamali, ko garken dolfin, dabbar teku mai kama da babban kifi, ya ɓullo, ɗaruruwan kawuna su juya gaba ɗaya su bar jarumi yana zuba baiti shi kaɗai.

Su wa ke wasa a wurin yanzu?

Gauraye ne. Ƙungiyoyin 'yan sha'awa da na ɗaliban jami'a da na ƙwararru daga sassan Birtaniya, wani lokaci har daga Amurka, kowacce takan karɓi mako guda ko kusan haka, daga wajen Ista zuwa Satumba. Ba Shakespeare kaɗai ba, akwai wasannin waƙa da na barkwanci da na yara. An daɗe ana lissafa wurin a kan mutum 750. A 2007, da gidan ya cika shekara 75, The Tempest aka sake yi.

An kuma ƙawata gangaren da tsirrai irin na ƙasashe masu ɗumi, daga Afirka ta Kudu da tsibiran Kanari, waɗanda ba za su rayu a yawancin Ingila ba. Ruwan teku mai ɗumi da ke gangarowa yankin yana hana sanyi yin tsanani, duwatsun kuma na riƙe zafin rana.

Yaushe ta daina aiki, yaushe ta rasu?

Ta ci gaba da aikin hunturu har ta haura shekara 80. Hotonta da aka fi sani na shekarun tsufa ne: farar suma, siririn jiki, tana zaune a cikin baron da aka jingine ya zama kujera, tana karatu. Ta rasu ran 26 ga Maris, 1983, saura 'yan watanni ta cika 90.

A cikin takardun da ta bari an sami zane-zanen yadda za a iya yi wa dandalin rumfa a ranakun ruwa. Ba a aiwatar da su ba, har yau wurin a buɗe yake.